Kunkurun Da Ba Ya Tsufa

Singafo, 7 ga Janairu, 2011

Baffa Teik Lye,

Ina gaishe ka da kyau, da fatan takardar nan ta same ka lafiya, kai da gwiwar nan taka da aka ce ba ta shiri da ruwan sama. Na san sai ka juya ambulan ka duba bayansa kafin ka gane mai rubutun. Ni ce Suan Imm, 'yar marigayi Quah Eng Seong, jikar Ah Ma Phaik Choo wadda kai kake kira Gwaggo. Rabona da kai tun ranar da aka binne Baba, kusan shekara goma sha tara ke nan. Sau uku na buga wayar haikalin da kake tsaro, aka ce mini kunnenka ya ajiye aiki, in ina son magana da kai sai dai biro da takarda.

Ni lafiyata ƙalau, ban da ciwon baya na yawan sunkuyo. Ban yi aure ba, kada ka tambaya, Ah Ma ta riga ta tambaya a madadin dangi duka.

Ga abin da ya sa na tuna da kai, kuma na san abin kunya ne mutum ya tuna da dangi sai ranar buƙata. Shekara goma sha ɗaya ina aiki a kan dabbobi masu tsawon rai, ina neman abin da ke jikinsu wanda ba ya namu. Baba ya rasu yana da arba'in da tara, kunkuru kuma yana kwance cikin taɓo ya haura ɗari. Tun ina 'yar shekara sha takwas wannan lissafin ya ƙi zauna mini. Matsalar aikinmu ɗaya ce: kunkuru ba ya zuwa da takardar haihuwa. Duk wanda aka kawo mana sai a ce "tsoho ne ƙwarai", kuma da "ƙwarai" ba a gina bincike.

Sai na tuna da na Ah Ma. Ka gyara mini in na kuskure. A shekarar Zakara ta lissafinmu na Sinawa, wato 1921, tana 'yar shekara biyu, zazzaɓi ya kusa ɗauke ta. Mahaifinta ya sayi babban kunkuru daga hannun masu yin miyar kunkuru, aka sassaƙa sunanta da shekarar a ƙoƙon bayansa, aka sake shi a tafkin haikalinku, ta warke. Tun daga nan take cewa ranta da nasa igiya ɗaya ce, kuma kowace shekara ran ɗaya ga watan tara na lissafinmu na gargajiya take zuwa ta ba shi ganyen kangkung da hannunta. In haka ne, Baffa, a tafkinka akwai kunkurun da ya haura casa'in, da shaidarsa a bayansa.

Jini kaɗan nake so, bai kai cokalin shayi ba. Ba zai ji komai ba. Kuma ba zan ɓoye maka ba, jami'a ta ba ni zuwa ƙarshen shekarar nan: ko in fito da abin nunawa, ko a rufe ɗakin bincikena a ba wa masu binciken sauro. Wannan kunkurun ne ƙofar da ta rage mini.

'Yarka,
Suan Imm

Balik Pulau, 23 ga Janairu

Suan Imm, 'yar Eng Seong,

Takardarki ta iso, na karanta ta sau biyu a kan bencin bakin tafki. Na gane ki tun kafin in juya ambulan, domin a danginmu kaf babu mai danna biro kamar yana faɗa da takarda sai ubanki. Gwiwa tana nan tana mulkinta, kunne ya tafi, yanzu kuma hannu ya shiga rawa, shi ya sa kika ga rubutun kamar sawun kaza. Shekara saba'in da huɗu ba wasa ba. Matata ta riga ni tafiya shekara shida da suka wuce, ban sani ba ko labarin ya kai Singafo.

To, likitar kunkuraye. Kina son ki ƙara wa mutane kwana. Da kin zauna nan ranar Lahadi ki ga tsofaffin da ake sauke wa a ƙofar haikali da safe, a dawo ɗaukarsu da yamma kamar kayan wanki, da kin tambaye su tukuna ko suna son ƙarin. Akwai wani, Tsoho Saw, kullum sai ya leƙa ruwa ya ce da kunkurayen, "Ku dai kun huta, ba ku da suruka." Amma wannan surutun tsoho ne, ki bar shi a nan.

Maganar kunkurun Gwaggo kuwa, ina roƙonki ki cire ido daga kansa. Ina da fiye da ɗari biyu a tafkin nan. Ki zo ki ɗebi jinin duk wanda kika ga dama, ni zan riƙe miki ƙafa, in ya yi cizo ni zai ciza. Akwai waɗanda ni na karɓe su suna kamar tafin hannu, na san shekarunsu kamar yadda na san nawa. Amma rubutun da ke bayan kunkuru don Mai Sama ake yin sa, da kuma kwanciyar hankalin mai sunan. Ba a yi shi don jami'a ba. Kada ki ɗora aikin shekara goma sha ɗaya a kansa. Ni da ubana mun riƙe tafkin nan shekara saba'in tsakaninmu, in na ce miki kada, ba don ban san darajar karatunki ba ne.

Sabuwar shekararmu ta Sinawa ta ƙarato, in kin zo gida ki biyo ta nan. Akwai ruwan gyaɗar ƙamshi mai sanyi, akwai taliyar laksa a bakin kasuwa wadda har yanzu ba ta lalace ba. Ki gaishe mini da Gwaggo, kada ki tayar mata da wannan maganar.

Baffanki,
Beh Teik Lye

Singafo, 20 ga Fabrairu

Baffa,

Ina fata an shiga sabuwar shekara lafiya, hannu kuma ya yi sauƙi. Ban ji rasuwar Inna ba sai a takardarka. Na ji kunya, na ji zafi, ka yi haƙuri da mu.

Na je gida kwana uku, ban samu hawowa Balik Pulau ba. Kuma na saɓa maka, na yi wa Ah Ma maganar. Na fahimci tsoronka: kana ganin in allura ta taɓa abin da aka keɓe wa Mai Sama wani abu zai sami mai sunan. Ban raina wannan ba. Shi ya sa na ga gara mai sunan ta yanke da kanta.

Da ka ga yadda ta miƙe a kujera. Ta ce, "Teik Lye ne ya hana? Yaron da na wanke wa majina? Kunkuruna ne ko na ubansa?" Na ce, "Ah Ma, tsoro yake ji kada wani abu ya same ki." Ta ce, "Japanawa sun zo sun tafi, na binne miji, na binne ɗa, allura ce za ta kashe ni? Ki ɗiba. In akwai abin da ya hana mu mutuwa ni da shi, ki rarraba wa mutane, mu mun ƙoshi." Daga nan ta sa aka sauko da gwangwanin biskit, ta fito mini da hoton 1956: ita ce tsugune a bakin tafki, Baba yana tsaye a bayanta da gajeren wando, ga kunkurun, ga rubutun raɗau a bayansa. Na daɗe ina kallon Baba fiye da kunkurun.

Ka ce kada in dogara da rubutu. Ba shi kaɗai ba ne yanzu. Ga hoto, ga littafin haikali da aka ce shigarsa tana ciki, ga mace mai rai da ta ziyarce shi kusan sau casa'in. Abokan aikina da ke Turai da rabin wannan shaidar suke rawa.

Zan zo ran 12 ga Maris, tare da Ah Ma, ta ce ƙafarta ƙafata. Don girman zumunci kada ka ɓoye shi a bayan ɗakin girki.

Suan Imm

Balik Pulau, 21 ga Maris

Suan Imm,

Da fatan kin koma lafiya, kwalaben jininki ba su narke a hanya ba. Ni ina nan yadda kika bar ni. Kunkurun ya yi fushin kwana biyu ya koma cin abinci.

Hannunki yana da kyau, na yaba. Ko motsi bai yi ba. Na ga yadda kika auna kowane zane na rubutun kina ɗaukar hoto, kika shafa bayansa kika ce santsin nan sai tsufa. Na kuma ga Gwaggo, yanzu da idonta ya yi rauni, yadda take bin sunanta da yatsa, har ta tsaya a zanen ƙarshe wanda ya karkace ta ce, "Nan ne wuƙa ta zame wa mai sassaƙa, ubana ya kusa marinsa." Duk shekara sai ta faɗi wannan, duk shekara sai mu yi dariya.

Akwai maganar da na so in yi miki a bakin tafki. Sau biyu na ja ki gefe, sau biyu Gwaggo ta ƙwala mana kira. Da kuka tashi tafiya na bi ku har mota, bakina ya ƙi buɗewa. Yanzu ma ga biro a hannuna ya ƙi.

Abu ɗaya nake roƙo. Duk abin da kika gani a jinin nan, ki rubuto mini tukuna, kafin shugabanki ya ji, kafin kowa ya ji. Ki yi mini wannan alkawarin.

Baffanki

Singafo, 26 ga Yuni

Baffa,

Gaisuwa da ban haƙuri, wata uku ban ba ka amsa ba. Lafiyata ƙalau, na rame amma ramar daɗi ce. Ina fata 'ya'yan itacen durian sun yi albarka bana, ka ci rabona.

Baffa, mun samu.

Bari in kwatanta maka yadda na kwatanta wa Ah Ma. A cikin kowace ƙwayar jini akwai wasu zaruruwa, bakinsu yana zaizayewa da shekaru kamar bakin igiyar guga. Da wannan da wasu alamomi muke gane tsufan jiki. Na auna na kunkurun Ah Ma sau bakwai. Na aika wa wani ɗakin bincike ba tare da na faɗa musu na wane ne ba, suka auna. Amsa ɗaya ce: jinin ɗan shekara ashirin da biyar ne. Dabbar da ta haura casa'in, jikinta bai san an yi shekarun ba. Ba a hankali yake tsufa ba, Baffa, tsayawa ya yi cak. Ranar da sakamakon ƙarshe ya fito na kulle ƙofa na yi kukan da ban yi ba ranar jana'izar Baba.

Na san ka ce in fara gaya maka. Ka yafe mini, abu irin wannan ba ya ɓoyuwa a ɗakin da mutum shida ke aiki. Na gane abin da ke ranka, kuma kana da gaskiya: ku kuka yi wahalar shekara saba'in, bai kamata wasu su kwashe yabo ba. Kada ka damu, sunanka da na mahaifinka suna shafin farko na godiya, da sunan haikali.

Shugaban sashenmu, wanda da ko gaisuwata da ƙyar yake amsawa, yanzu shi ke riƙe mini ƙofa. An ce maganar rufe ɗakina ta wuce. Ɗalibai biyu sun ajiye nasu aikin sun dawo kan wannan. Wata mai zuwa za mu miƙa takardar binciken ga mujalla.

Da na gaya wa Ah Ma a waya cewa ta yi, "Ai na faɗa miki. Mu biyun nan mantawa aka yi da mu."

Ka rubuto, ina son in ji ka ce wani abu, ko da tsiya ce.

Suan Imm

Singafo, 19 ga Agusta

Baffa,

Lafiya kuwa? Wata biyu shiru. Na buga wayar haikali, matar da ke sayar da turare ta ce kana nan, kana cin abinci, kana zama a benci da takarda a hannu ba ka rubuta komai. To ba ciwo ne ya hana ka ba.

Ita ce kuma ta gaya mini kunkurun ya daina ci tun farkon wata, yana kwana a gefe ɗaya. Yanzu na gane shirun. Kana ganin allurata ce, kana ganin abin da ka ji tsoro tun farko ne ya zo. Baffa, wata biyar tsakanin allura da wannan. Ba ni ba ce. Amma in zagina zai sauƙaƙa maka, ka zage ni a takarda, ya fi wannan shirun. Ka ware shi a baho, ruwa mai tsabta, ka sa shi inda rana ke samunsa da safe. Na yi magana da wata likitar dabbobi a George Town, za ta hawo ta duba shi. Kada Ah Ma ta ji.

Takardar ta tafi mujalla tun ran huɗu ga watan jiya, sun ce za su gaggauta. A Nuwamba zan tsaya gaban mutum ɗari biyar in nuna hoton bayansa. Duk abin da na mallaka a duniyar nan yana kan wannan ƙoƙon. Ka riƙe mini shi da rai, Baffa.

Suan Imm

Balik Pulau, 8 ga Satumba

Suan Imm, 'yata,

Ina lafiya, in ana kiran wannan lafiya. Likitarki ta zo, ta yi iya yinta. Kunkurun ya mutu ranar Asabar da hantsi. Ta ce wata ƙugiyar kamun kifi ce ya haɗiya tun tuni, ta yi masa aiki a ciki. Ba allurarki ba ce, ban taɓa zaton ita ce ba. Na binne shi a gindin gyaɗar ƙamshi, kusa da ɗan'uwansa.

Takarda huɗu na rubuta miki tun Yuni, duk na sa su a tukunyar ƙona takardun matattu. Wannan ba zan sake karanta ta ba, zan liƙe in kai gidan waya.

Awonki daidai ne. Shekararsa ashirin da shida. Shi ne na uku.

Na farko, na 1921, cinye shi aka yi. A shekara ta biyu ta mulkin Japanawa mutane suna cin rogo da ganyen daji, wata rana aka wayi gari tafkin babu ko ɗaya. Ubana bai taɓa faɗin su wane ne ba, ya ce masu sunayen ma suna cikin waɗanda suka sha romon ba su sani ba. Da yaƙi ya ƙare mutane suka fara dawowa neman kunkurayensu, waɗanda suka rasa 'ya'ya, suka rasa gidaje, abin da ya rage musu ke nan. Sai ya buɗe littafin haikali, ya bi ƙauyuka yana sayen kunkuraye, ya sassaƙa arba'in da ɗaya, kowanne da sunansa da shekararsa. Na hoton 1956 na biyu ne. Ranar da ya miƙa mini maɓallin haikali ya haɗa mini da wuƙar, ya ce, "Mai tsaron tafki ba ya barin kowa ya zo ya tarar da sunansa ya mutu."

Na biyun ya mutu a 1992, a watan da ubanki yake asibiti. Gwaggo a lokacin ba sau ɗaya a shekara take zuwa ba, kullum take hawo bas, ta tsuguna ta ce da shi, "Ni ka riƙe ni tsawon nan, ka riƙe mini Eng Seong." Ran nan na tarar da shi yana yawo a saman ruwa, ciki sama. Na ce mata ya shige ƙarƙashin dutse, ta dawo jibi. Na je wurin wani mai lambu a Teluk Kumbar wanda ya rene nasa tun daga ƙwai, shekara bakwai, girmansu ɗaya. Na goge zoben shekaru da ke bayansa da yashi da ɓawon kwakwa har ya yi santsin da kika yaba. Na sassaƙa sunan, har da zanen da ya karkace. Na cusa toka da dusar shayi a ramukan, na turbuɗe shi a taɓo. Ta zo ta shafa, ta yi murmushi. Bayan kwana tara ubanki ya rasu. Ita kuma ta tashi ta ci gaba da rayuwa, domin nata yana nan.

Na san abin da za ki ce. A Janairu layi ɗaya na gaskiya ya isa. Na ji tsoron ke da gaskiyarki ta 'yan boko za ki kai wa Gwaggo, na ce bari in kewaya. A Maris na ce wa kaina ai jinin ba zai nuna komai ba, za ki gaji ki bari. Ban san na'urarku ta fi ni gaskiya ba. Da kika rubuto cewa kin yi kuka, na ajiye takardar na kasa tashi daga benci. Ƙarya fure take ba ta 'ya'ya, haka ake cewa. Tamu ta yi shekara sittin da shida tana fure, da ta tashi yin ɗa sai ta haife shi a kanki.

Ba na neman gafara, ban kai nan ba. Abin da za ki yi da takardarki ke kika sani. Roƙona ɗaya, kada ya kai kunnen Gwaggo.

Ko da yake ban san yadda zan hana ba. Ɗaya ga watan tara na gargajiya ya faɗo ran 27 ga wannan wata. Na samo wani kunkurun, yana baho a bayan ɗakin girki, girman ya yi daidai. Jiya na ɗauki wuƙar, hannun ya ƙi tsayawa. Na gwada a kan ɓawon kwakwa, abin da ya fito ko ni ban iya karanta shi ba. Ita kuma da yatsa take karatu yanzu, yatsa ba ya ruɗuwa kamar ido. Zan ce mata ya shige ƙarƙashin dutse. Ban san sau nawa mace mai shekara casa'in da biyu za ta iya dawowa jibi ba.

Beh Teik Lye

Singafo, 17 ga Satumba

Baffa,

Ba zan tambayi lafiyarka ba yau, ka yi mini uzuri. Ni ma kada ka tambayi tawa.

Takardarka ta zo ranar Litinin. Ranar Talata na shiga ofishin shugabanmu na gaya masa. Ya cire tabarau ya ce, "Wa ya sani ban da ke?" Na ce wani tsoho kurma a Balik Pulau. Ya ce, "Dabbar ta mutu, an binne. Hoto yana nan, littafi yana nan." Ya bar mini sauran in ƙarasa da kaina. Ba zan yi maka ƙarya ba, na kwana biyu ina ƙarasawa. Ranar Alhamis na rubuta wa mujalla na janye. Na ce shekarun dabbar ba su tabbata ba, ban ambaci haikali ba, ban ambaci sunan kowa ba. Na cire ku daga godiya.

Ɗakin zai koma hannun masu sauro a Disamba. Ɗaya daga cikin ɗalibaina, wadda ta bar aikinta na shekara biyu ta biyo ni, ta tambaye ni, "Malama, to yanzu me zan rubuta?" Wannan ne ba zan yafe maka da wuri ba, ba nawa ba. Kuma ba kai kaɗai ba ne. Ka ce mini kada, sau biyu, ni kuma na karanta abin da nake so in karanta. Jinin ya faɗa mini gaskiya sau bakwai, ashirin da biyar, ashirin da biyar, na ce masa ƙarya yake, mu'ujiza ce. Shekara goma sha ɗaya ina koyon awo, ranar da awon ya zo daidai na ƙi yarda da shi saboda ina son Baba ya zama ya mutu da kuskuren da za a iya gyarawa.

Jiya Ah Ma ta sa aka buga mini waya. Ta ce ta sa a sayo kangkung mai laushi, ta ce, "Bana zan gaya masa ya shiga jarida, kada girman kai ya kama shi." Na ce to, Ah Ma.

Ina da hoto sittin da huɗu na bayansa. Na auna tsawon kowane zane da zurfinsa, har wanda ya karkace, na san inda wuƙa ta zame da inda ta tsaya. Don mujalla na yi, yanzu ba mai buƙatarsu. Na kuma san iyakar inda ƙoƙo yake da rai, in ba a wuce nan ba ba zai ji zafi sosai ba, kuma zan zo da maganin kashe zafi. Ka ce hannuna yana da kyau.

Zan hawo jirgin ƙasa ranar Alhamis, 22 ga wata, in tsallako zuwa tsibirinku da jirgin ruwa, in iso kafin la'asar. Kwana biyar za mu samu. Ban sani ba ko sun isa toka da shayi su kama, kai ka san wannan. Ka fara goge zoben da yashi tun yanzu, wannan ko hannu na rawa zai iya.

Kada ka zo tarye na, kuma kada ka yi mini maganar komai in na iso. Ka wasa wuƙar kawai.

Suan Imm